Bindigar gado mai katako har baki: wa zai faɗi kuɗinta?

Tambaya daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi:

"Assalamu alaikum Alhaji. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa bayan babbar sallah, kuma cikin kayan da ya bari akwai wata ƙaramar bindiga. Katakonta ya tafi tun daga gindi har baki, ba irin na maharba da muka saba gani ba, da wata hular ƙarfe a ƙarshensa. A jikin ƙarfen an rubuta J.G. Anschütz, Ulm, West Germany, da lamba 1418, da kuma .22 long rifle. Ƙanena ya duba intanet ya ga irinta da kuɗi masu yawa a dala, ya ce dukiya muke zaune a kai. Wani maharbi abokin Baba kuma ya taya ta da abin da bai kai kuɗin tsohuwar waya ba. Akwai kafinta a layinmu da ya ce mu kawo ya kankare katakon ya shafa mai ta yi ƙyalli kafin a sayar. Lasisin da sunan Baba yake, kuma an daɗe ba a sabunta ba. Za a raba gado, malam ya ce a kawo ƙimarta. Maganar wa za mu bi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. In na fahimce ka, kana son sanin wace irin bindiga ce wannan, me ke ɗaga kuɗinta ko ya karya shi, da kuma wane adadi za a rubuta wa malam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, kuma ba lallai maharbin nan cuta ya nufa ba. Kowanne kasuwarsa daban yake kallo. Adadin da ya dace da rabon gado shi ne abin da mutumin da doka ta yarda ya riƙe ta zai ciro daga aljihunsa ya biya a nan ƙasar. Kafinta kuwa, ku gode masa, ku hana shi taɓa ta.

Na daɗe a bayan kanta a wani shagon da ke da izinin sayar da bindigogin farauta a Adum, kuma har yanzu ana kirana in duba tsofaffi idan an zo rabon gado ko wani zai sayar. Daga nan nake magana.

Takarda kafin ciniki

Kafin komai, a samu wanda ya saba da bindiga ya tabbatar babu harsashi a ciki. A zare gidan harsashi, a ja sakata baya, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle, a leƙa da ido. Tsofaffi da yawa kan ajiye bindiga da harsashi a baki saboda ɓarayi, su rasu ba su gaya wa kowa ba. A cire sakatar a kulle ta wani wuri dabam da inda bindigar take, musamman a gidan zango da yara ke shiga kowane ɗaki.

A Ghana lasisin bindiga na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, kuma kowace shekara ake sabunta shi. Ba a gadonsa yadda ake gadon gida ko shago. Dokar makamai ta 1962 da dokar soja ta 1972 da gyare-gyaren da suka biyo baya ne suka tsara haka, kuma 'yan sanda ne ke riƙe da rajistar, wadda babban ofishinta ke Accra. Riƙe bindiga ba tare da izini ba babban laifi ne a dokar laifuffuka ta 1960, kuma cewa "ai ta Baba ce" ba ya wanke kowa. Don haka babba a cikinku ya ɗauki tsohon lasisin da takardar shaidar rasuwa da katin Ghana, ya je sashen 'yan sanda mai kula da bindigogi ya yi bayani. Ya fara zuwa da takardun kawai, su za su faɗa masa yadda za a kawo bindigar. Kada wani ya naɗe ta a buhu ya hau trotro da ita. Idan sun karɓe ta ajiya, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan kamfani da lambar bindigar, kuma a ɗauki hotonta ta kowane gefe kafin a miƙa. Ni ba lauya ba ne, abin da jami'in ya ce game da kuɗin shekarun da ba a sabunta ba shi za ku bi.

Wannan duka yana cikin lissafin ƙima. Bindigar da lambarta ke cikin rajista ana iya mayar da ita sunan wani, saboda haka tana da mai saye na halal. Wadda ba ta da tarihi a takarda, ko da zinariya aka yi mata ado, mai hankali ba zai taya ba, wanda zai taya kuwa ba mutumin da za ku so ku yi hulɗa da shi ba ne. Tsohon lasisin nan da kuke ganin ya mutu, shi ne abu mafi tsada a cikin kayan bayan ita kanta bindigar.

Wace irin bindiga ce

Abu biyu ne suka haɗu a jikinta. Na farko harsashin. Irin wannan ana ce masa mai wuta a gefe, domin sinadarin da ke tayar da albarushi yana cikin leɓen gindin kwanson, zagaye, allurar da ke tayar da harsashin kuma gefen take dukawa. Harsashin bindigar maharbanmu a tsakiya yake da ɗan ido. Bafaranshe Flobert ne ya fara wannan dabara a 1845, Smith & Wesson suka fito da gajeren .22 a 1857, kamfanin Stevens na Amurka kuma ya kawo .22 long rifle a 1887, wanda har yau ake yi. Faɗinsa wajen milimita 5.6, dalmarsa ba ta kai giram 3 ba. Ba ya ƙara sosai, ba ya dukan kafaɗa, shi ya sa aka ɗauke shi don koyon saiti da harbin ƙananan namun daji. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi kisa, kuma yana tafiya fiye da kilomita ɗaya.

Na biyu katakon. A da can yawancin dogayen bindigogi haka suke, katako har kusa da baki. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin bindigogin toka da ake harbawa wajen jana'izar sarakunan Asante ya san siffar. Da bindigogin farauta suka koma rabin katako, maharban duwatsun Ostiriya da kudancin Jamus suka riƙe gajeriyar bindiga mai cikakken katako, domin yana kare ƙarfe daga dutse kuma yana da daɗin riƙo cikin sanyi. Wadda ta yi wa siffar suna a duniya ita ce Mannlicher-Schönauer ta 1903 da aka yi a garin Steyr, har ta kai duk bindigar farauta mai katako har baki ana jingina ta ga Mannlicher. Waccan babban harsashi take ci. Irin taku ƙananan 'yan'uwanta ne da aka yi don masu son siffar.

Anschütz gida ne mai asali. An kafa shi a 1856, ya koma Ulm bayan yaƙin duniya na biyu, kuma sunansa ya fito ne daga bindigogin gasar saiti, har ta Olamfik. Suna da inji, wato sashen ƙarfen da sakata ke tafiya a cikinsa, iri biyu da masu tarawa ke bambantawa: 54, mai nauyi, na gasa, da 64, wanda ya fi sauƙi da araha. 1418 a kan 64 aka gina ta. Tana da 'yar'uwa 1518 mai cin .22 magnum, harsashin da Winchester ya fito da shi a 1959. Wasu suna da kunama ɗaya, wasu biyu, inda ta baya ke ɗana ta gaba har ta zama taɓawa kaɗan ta tashi. Ka duba taku. Mai kunama biyu ta fi jan hankalin masu tarawa, amma ta fi haɗari a hannun wanda bai san ta ba.

Don ka san inda ta tsaya a cikin dangi: akwai CZ 452 FS ta ƙasar Cek, jikar tsofaffin bindigogin Brno na can ƙasar, mai ƙarfi da juriya, wadda ba ta kai Anschütz kuɗi ba. Akwai Ruger 10/22 International, da aka yi na farkonta a ƙarshen shekarun 1960 aka daina, aka dawo da ita a shekarun 1990, kuma na farkon su ake nema. Akwai Mossberg 151M ta bayan yaƙi, mai katako gida biyu, ta talakan Amurka. Sai na koyar da sojoji, irin su Lee-Enfield da Ingila ta mayar .22 da DSM 34 ta Jamus, waɗanda tarihi ke sayar da su fiye da kyau. A cikin na farar hula, taku tana sahun gaba.

Karanta ƙarfen

Rubutun West Germany kaɗai ya nuna an yi ta kafin haɗewar Jamus a 1990. Amma ana iya matsowa kusa. Kowace bindigar Jamus sai ta bi ta gidan gwaji an buga mata tambari. Ka ɗauki tocila ka duba gefen hagu na bututun, dab da inda ya shiga inji. Za ka ga ɗan ƙahon barewa, tambarin gidan gwaji na Ulm ke nan, da mikiya mai harafin N a ƙarƙashinta. Kusa da su akwai shekarar gwaji. A tsofaffi lamba biyu ce, 69 ko 74 misali. Daga baya suka koma haruffa: A sifili ne, B ɗaya, C biyu, haka har H bakwai, I ko J takwas, K tara. Idan ka ga IC, 1982 ke nan. Bindigogin Cek su ma haka, ɗan zaki da lamba biyu, kuma wadda aka rubuta wa Czechoslovakia ta riga 1993. Idan ka ga sunan kamfanin Savage tare da Anschütz, to ta Amurka ta biyo, domin Savage ne ke shigar da su can a wancan zamani.

Sai lambar bindigar. Ta dace da wadda ke cikin lasisin, harafi da harafi. Ka duba jikin sakatar ma ko akwai lamba, ka gwada da ta injin. Sakatar aro tana rage kuɗi, kuma tana iya sa kwanso ya fashe in ba ta zauna daidai ba. Wata matsala da kan taso da na Amurka ita ce ƙananan .22 masu araha da yawa da aka yi kafin 1968 ba su da lamba sam, domin sai a shekarar dokarsu ta tilasta. Taku ba ta cikin waɗannan.

Abin da katako ke ɓoyewa

Nan ne nake daɗewa idan an kawo mini irin wannan, kuma nan ne mutanen intanet ba su da abin da za su gaya maka, domin ba a Kumasi suke ajiye nasu ba. Garin nan damina biyu yake yi a shekara, iska cike da laima, sannan hunturu ya zo daga Disamba ya busar da komai cikin 'yan makonni. Katako mai tsawo kuma siriri yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya motse, shekara bayan shekara. A ƙarshe yakan karkace ya jingina da bututun ta gefe ɗaya. Ka riƙe bindigar, bayan an tabbatar babu komai a ciki kuma sakata na waje, ka dubi layin da ke tsakanin katako da ƙarfe daga inji har baki. Ya kamata ratar dama da ta hagu su zo ɗaya. In wani gefe ya manne wani ya buɗe, katakon ya juya. Irin wannan bindiga takan harba daidai a watan Janairu, a watan Yuni ta kauce da faɗin tafin hannu, mai ita ya yi ta zargin idonsa. Ko sabuwa ce, mai cikakken katako ba kasafai take kai mai rabi daidaiton saiti ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, masu sonta don kyan siffa da daɗin ɗauka suke sonta. Amma karkata mai yawa aibi ne da ake rage wa kuɗi.

Tsagewa tana da wuraren da take so: dab da hular ƙarfen nan ta baki, inda katako ya fi siriri kuma akwai kusa, da wuyan bindiga bayan inji, da kewayen ramin gidan harsashi. Ka bi da farce a hankali, farce yakan ji abin da ido bai gani ba. Ka duba ƙananan huji masu zubar da gari, aikin ƙwaro ne, ka duba gindin ko gara ta taɓa shi in an daɗe ana jingine ta a bango.

Babban abin tsoro yana ƙarƙashi. Rabin bututun na ƙasa kwance yake cikin katako, ba mai shafa masa mai, laima kuma tana taruwa a wurin. An taɓa kawo mini wata CZ daga wajen Tafo, samanta baƙi wuluk yana sheƙi, mai ita yana goge ta duk Juma'a. Da muka kwance kusar hular, muka sauke katakon, sai ga ƙasan bututun ja wur, tsatsa ta ci ramuka tun daga tsakiya har baki, cikin katakon ma ya rine. Mai saye da ya san aiki ba zai biya ba sai an buɗe. Amma kada ku buɗe da kanku. In aka manta da kusar hula aka ɗaga ƙarfe, bakin katakon ne ke karyewa, kuma sukudireban gida yana cinye kan kusa, wanda shi ma aibi ne da ake gani nan take.

Sai cikin bututun. A zura tsumma mai tsabta daga baya, a ɗaga wajen haske. Layukan da suka murɗa a ciki su fito da kaifi, ƙarfen ya yi haske. Baƙin zobe guda a tsakiya yana nufin bututun ya kumbura a wurin: wani harsashi ya maƙale aka bi shi da wani, ko kuma an harba da toshiya a ciki. A ƙasarmu mai toshewar sau da yawa zanzaro ne. Yana samun bakin bindigar da aka rataye a bango ya cika shi da laka, lakar ta jawo tsatsa, wanda bai leƙa ba ya harba. A bindiga mai rabin katako za ka ji kumburin da yatsa daga waje, a taku katako ya rufe rabinsa, sai tsumma ta gaya maka, domin takan yi sako-sako in ta iso wurin.

Akwai ciwo guda da ya keɓanta da masu wuta a gefe. Idan ana jan kunama babu harsashi, allura na iya dukan leɓen ɗakin harsashi, wato gindin bututu inda harsashi ke zama, tun da gefe take nufa. A hankali sai wurin ya lotsa, ƙarfe ya turo ciki, kwanso ya riƙa maƙalewa ko harsashi ya ƙi tashi. Bindigar da ta zauna a gida mai samari kusan kullum tana da wannan tabo, ɗan ƙaramin rami a bakin ɗakin. Mai gyara yana iya mayar da shi in bai yi nisa ba. Ka duba bakin bututun ma: in an saba zura sandar ƙarfe ta gaba ana wankewa, bakin yakan cinye ta gefe, saiti ya lalace.

Ƙananan kaya kuma suna da kuɗinsu. Gidan harsashi na asali, 'yar rumfar da ke kan saitin gaba, saitin baya, marfin gindi mai sunan kamfani, ƙarafan rataya. Duk wanda ya ɓace, samo shi daga Jamus wahala ce da kashe kuɗi. Saman injin yana da 'yar hanya da aka yanka don ɗora madubin hange, saboda haka ba ta buƙatar huji. In ka ga wani ya huda ya sa kusoshi, an rage mata daraja har abada.

Maganar kafinta

Mai tarawa yana biyan abin da ya fito daga masana'anta ne. Littattafan farashi na Amurka ma da kason fentin asali da ya rage suke auna bindiga, kuma tsakanin mai kashi 95 da mai kashi 70 akwai rata babba. Wadda aka kankare aka sake shafawa ta fita daga wannan ma'auni gaba ɗaya. Kankara tana cinye zanen da aka sassaƙa a wurin riƙo, tana zagaye kaifin gefuna, tana sa katako ya nutse ƙasa da ƙarfe a wurin da suka haɗu, kuma mai ido yana gani daga nesa. Kafintan naku na iya zama gwani a kujera da gado, man da yake shafa wa odum da mahogani ba na katakon walnot ba ne. Haka masu fenti na Magazin ɗin Suame: na ga bindigar da aka fesa wa baƙin fentin mota, tambura duk sun cike, sai da aka sha wahala kafin a karanta lambarta. Tabon shekaru da ɗan kojewar riƙo ba sa ɓata tsohuwar bindiga. Abin da take buƙata tsumma mai laushi ne da ɗan man bindiga ko man keken ɗinki a kan ƙarfe. Ban da baƙin man mota, ban da manja, ban da man kaɗe, duk na ga an shafa, kuma duk suna daskarewa su riƙe datti.

Farashi uku

Abin da ƙanenka ya gani a intanet sai a tambaya: kuɗin da mai kaya ya sa ne, ko wanda aka biya? Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Abin dogaro shi ne sakamakon gwanjon da aka kammala, irin na Rock Island a Amurka ko Holts a Ingila, kuma a nemi 1418 mai yanayi irin na taku, ba wadda ta kwana a akwatinta tun daga shago ba. Ko an samu, wannan farashin na ƙasar da ke da dubban masu tarawa ne, da harsashi a kowane kanti. Kai bindigar can ba aikin magada ba ne. Sai izinin Ma'aikatar Cikin Gida, da izinin ƙasar da za ta karɓa, da dillali mai lasisi a can, ga yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da ta ƙara tsaurara fitar da ƙananan makamai da shigo da su. Kuɗin hanya kaɗai na iya cinye bindigar. Amfanin farashin waje shi ne ya nuna muku cewa kayanku ba tarkace ba ne, kada a raina muku.

Maharbin kuma da idon aikinsa ya duba. Mafi yawan maharbanmu bindiga mai lamba 12 suke riƙewa, mai baki ɗaya ko biyu, wadda harsashinta ke samuwa kuma take watsuwa a kurmi. A wurinsa .22 bindiga ce mai wuyar abinci, sunan Anschütz kuma bai ƙara masa nama ko ɗaya ba. Tayinsa shi ne ƙasan farashi.

Na gaskiya yana tsakani, kuma ya dogara ga samun mutumin da ya san abin da yake kallo: masu harbin saiti na wasa, tsofaffin hafsoshi, wasu manoma masu manyan gonaki, da 'yan kasuwar da suka zauna Jamus ko Ingila suka dawo da sha'awar. Ba su da yawa, Accra ta fi Kumasi yawansu, kuma samunsu yana son haƙuri. Wanda ke gaggawar sayarwa kafin arba'in, farashin maharbi zai karɓa.

Ba zan faɗa maka adadi daga nan ba, domin ban riƙe ta ba, ban leƙa cikinta ba, kuma duk wanda ya yanke maka kuɗi daga hoto yana wasa da haƙƙin marayu ne. Ga yadda nake yi in an kira ni. Ina rubuta shekara da lamba da duk aibin da na gani a takarda. Ina neman dillalai biyu masu lasisi, kowanne shi kaɗai, in tambaye su abu biyu: nawa za su saya yau, kuma nawa za su sa mata in an bar musu su sayar su ɗauki la'ada. Wanda ya yi ƙima kada ya zama shi ne mai saye, ko abokin marigayi ne. Daga abin da ya fito a cire bashin sabunta lasisi da kuɗin canjin suna da la'ada. Ragowar shi ake kai wa malam, shi kuma ya san yadda zai raba. In kun samu tsohon rasit a cikin takardun Baba, ku ajiye shi domin yana ƙara wa tarihin bindigar ƙarfi, amma kada ku yi lissafi da adadin da ke ciki. An canja kuɗi a 2007, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, ga faɗuwar darajar kuɗi ta shekaru a kai.

Idan ɗayanku yana sonta

Sau da yawa wannan ne mafi alheri, in akwai mai natsuwa a cikinku da zai iya samun lasisi. A ƙiyasta ta, a sa a cikin rabonsa da yardar sauran, mata da maza, a rubuta. Sai dai kada a kulle maganar sai 'yan sanda sun amince da sunansa, domin suna bincike kuma suna iya ƙi. Haka in baƙo ne zai saya: bindiga ba ta barin inda aka ajiye ta sai takardarsa ta fito.

Wanda ya riƙe ta ya ajiye ta a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗakin da iska ke shiga, nesa da bangon da ke tsatsafo. Kada ta kwana cikin jakar fata ko ta soso, suna riƙe laima. A tsayar da ita baki ƙasa don kada mai ya gangara cikin wuyan katako ya ruɓar da shi, hakan ma yana hana zanzaro. A jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa canja su. Mazauna Accra kusa da teku, irin su Jamestown da Osu, sai sun ninka kula saboda gishirin iska. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, mai gyara ya sauke katakon ya shafa mai a ƙasan bututun.

Gwajin harbi sai lasisi ya fito, kuma a filin da aka yarda a yi harbi. A mita 50, a kan mazauni mai ƙarfi, a harba biyar. Lafiyayyar 1418 da harsashi mai kyau ya kamata ta tara su wuri guda da kwabon sidi ɗaya zai kusa rufewa. In ramukan suna hawa sama ɗaya bayan ɗaya, katako na taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma gyaransa ɗan sassauta cikin katakon ne ta inda ba a gani, aikin mai gyaran bindiga. A ajiye takardar da aka harba a rubuta kwanan wata da irin harsashin, domin ranar da za a sayar tana magana fiye da bakin dillali.

In sha'awar ta kai shi ga son tarawa, ya sani kowace bindiga da nata lasisin da nata sabuntawa duk shekara, shigo da wata daga waje kuma sai izini tun kafin a saya. Shi ya sa a nan biyu ko uku masu asali da cikakkun takardu sun fi tarin da rabinsa aka yi wa fenti. Ka turo mini hoton tamburan gefen hagu, da na bakin ɗakin harsashi, da na hular ƙarfen ta sama da ta ƙasa, ka rufe lambar bindigar da yatsa kafin ka ɗauka. Da su zan iya gaya maka shekararta da abin da za ku nuna wa dillali ya duba da kyau.